Kalmar sirri, satar fasaha da bayanan ɗalibai: Me sababbin dokoki ke nufi a manyan makarantunmu?

Cikin shekara uku kacal abubuwa da dama sun sauya a kan yadda ake taɓa kwamfuta da bayanai a Najeriya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. A Fabrairun 2024 aka yi wa Dokar Laifukan Intanet ta 2015 gyaran fuska. A Satumban 2025 kuma umarnin da NDPC ta fitar kan yadda za a aiwatar da Dokar Kare Bayanan ya fara aiki. Ana cikin haka ChatGPT, wani tsarin ƙirƙirarriyar basira wanda ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ya shiga wayar ɗalibai da yawa.

Tambayoyi sun yi yawa a jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Malami na son sanin ko har yanzu zai iya tura sakamakon jarrabawa zauren WhatsApp na aji. Ɗalibi na tambayar ko neman taimakon ƙirƙirarriyar basira sata ne. Uba na mamakin yadda za a ce sai da yardar ɗansa za a nuna masa makin da shi ya biya kuɗin nemansa.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku a kwando ɗaya. Akwai dokar ƙasa, wadda kotu ko hukuma ke hukunci da ita. Akwai ƙa'idar makaranta, wato abin da ke rubuce a littafin jagoran ɗalibai da takardar sharuɗɗan amfani da kwamfutoci da intanet ɗin makaranta, wadda kwamitin ladabtarwa ke aiki da ita. Sai kuma ɗa'a, wato abin da ya kamata ko da babu mai gani. Kwafe aikin wani ba tare da ambatonsa ba na iya sa a soke digirin mutum alhali babu ɗan sandan da zai neme shi. Shiga asusun wani a shafin makaranta kuwa ya taɓa ukun gaba ɗaya.

A wurin dokar 2023, "bayanan mutum" na nufin duk abin da za a iya gane mutum da shi, kai tsaye ko a fakaice: suna, lambar rajista, lambar waya, hoto, adireshin imel, maki. A cikinsu akwai waɗanda ta ware a matsayin masu tsauri, irin su bayanan lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da zanen yatsa. Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin shiga makaranta ya san kusan dukansu ana tambaya. "Mai riƙe da bayanai" shi ne wanda ke yanke shawarar abin da za a tara da abin da za a yi da shi, wato makarantar kanta. "Mai sarrafa bayanai" kuma shi ne wanda ke aiki a madadinta, kamar kamfanin da aka ba kwangilar gina shafin rajista. Idan kamfanin ya yi sakaci, makaranta ba za ta ce ba ruwanta ba.

## Yadda aka zo nan

Da can fayil ɗin ɗalibi takarda ce a kabad ɗin ofishin magatakarda. Mai son gani sai ya tako da ƙafarsa, ya kuma samu mai riƙe da mabuɗi. Daga 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A shekarar ce kuma tsarin asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya ya kankama, biyan kuɗin makarantun tarayya ya koma ta Remita. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai ta farko. Kullen korona na 2020 ya tura darussa WhatsApp da Zoom. Daga 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB, sannan a 2024 asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya buɗe shafinsa yana neman NIN da BVN da lambar JAMB a wuri guda.

Abin da bai tafi da wannan saurin ba shi ne kayan aiki da horo. An ce kowa ya yi rajista ta intanet, amma wuta ba ta tsayawa, shafin makaranta kan cushe a makon ƙarshe, ɗalibai da yawa kuma ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar JAMB. Wannan giɓin ne shagunan kafe na bakin ƙofar makaranta suka cike.

## Kalmar sirri a hannun mai kafe

A duba yadda rajistar sabon ɗalibi ke gudana. Ya miƙa wa mai kafe takardar shaidar samun gurbi. Mai kafe ya buɗe masa imel, shi ya zaɓi kalmar sirri, galibi sunan ɗalibin da shekarar haihuwarsa, wani lokaci ma lambar wayar shagon ya sa a matsayin lambar da za a dawo da asusu da ita. Ya ɗauki hoton takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, ta NIN da sakamakon WAEC ko NECO, duk suka zauna a babban fayil ɗin saukarwa na kwamfutar tare da na wasu ɗaruruwa. Manhajar shiga intanet ta tambaya ko a adana kalmar sirri, aka danna "eh" don a yi sauri, domin layi ya kai bakin titi. Ɗalibi ya karɓi takardarsa ya tafi.

Yawancin masu kafe neman halaliyarsu suke yi. Matsalar ita ce kwamfutar na hannun yaran shago da duk wanda ya biya kuɗin awa ɗaya, kuma ran da ta lalace za a kai ta wurin mai gyara ko a sayar da ita da duk abin da ke ciki. Daga nan ake samun ɗalibin da ya wayi gari an sauya masa kwasa-kwasan da ya yi rajista, ko wanda ya kasa shiga imel ɗinsa lokacin da ake turo saƙon lamuni, ko wanda aka kira da cikakken sunansa da sashensa aka ce ya karanto lambobin da suka shigo wayarsa "don a tabbatar da tallafin karatu".

A ƙa'idar kusan kowace makaranta, duk abin da aka yi da asusunka kai ka yi. Na'ura sunan asusu take rubutawa, ba ta ganin fuska. Shi ya sa gyaran ya fi sauƙi a ranar farko. Ɗalibi ya buɗe imel da kansa a wayarsa kafin ya je kafe, da lambarsa. Idan an gama rajista ya sauya kalmar sirrin shafin makaranta a ranar, ya sa mai tsawo, harufa goma sha biyu ko fiye, kuma kada ta zama ita ce ta Facebook ko ta banki. Ya tsaya a goge takardunsa daga kwamfutar a gabansa, har da kwandon shararta. Ya kunna tabbaci mai mataki biyu a imel da WhatsApp. Lambar da ake turowa waya kuwa, babu ma'aikacin makaranta ko banki da aikinsa ke buƙatar jin ta.

Akwai wata al'adar da ake ɗauka zumunci ne: ba wa aboki ko saurayi ko wakilin aji kalmar sirri "ya duba mini sakamako". Dokar 2015 ta haramta amfani da kalmar sirri ko shaidar wani don yaudara, da kuma kafa shafin bogi don tatsar bayanan mutane, hukuncin kuma ya haɗa da ɗauri da tara. Amma idan kai ka miƙa mabuɗin da hannunka, tabbatar da cewa an wuce iyakar da ka bayar abu ne mai wuya a gaban kwamiti.

## Nauyin da ke kan makaranta

An saba jin wa'azin ɗa'a yana sauka kan ɗalibai kaɗai. Dokar 2023 ta juya akalar: mafi yawan wajibcin da ke cikinta yana wuyan makaranta ne. Sashe na 24 ya ce a tara bayanai don manufa bayyananna, a tsaya kan iya abin da ake buƙata, kada a riƙe su fiye da lokacin da ya dace, a kuma tsare su. Sashe na 40 ya ce idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, a sanar da NDPC cikin awa 72. Hukumar ta sa manyan makarantu cikin masu riƙe da bayanai masu muhimmanci, waɗanda doka ta ce su naɗa jami'in kare bayanai, tararsu kuma na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumar ta nuna ba wasa take ba a Agustan 2024, da ta sanar da cin bankin Fidelity tarar fiye da naira miliyan 555, ko da yake bankin ya musanta aikata laifi.

Batun sakamakon jarrabawa shi ya fi jawo muhawara. Masu goyon bayan liƙawa a allo suna da hujja mai ƙarfi: idan kowa na ganin makin kowa, da wuya a sauya wa wani a ɓoye, kuma ɗalibin da aka manta da makinsa zai gani da wuri. Masu suka kuma suna cewa allon sashe daban, WhatsApp daban. Takardar allo ruwa zai wanke ta cikin mako biyu, amma fayil ɗin Excel mai ɗauke da suna, lambar rajista, lambar waya da kwasa-kwasan da mutum ya faɗi zai yi ta yawo har zauren unguwa da na dangin wanda ke neman auren ɗalibar. Hanyar da ta fi kusa da biyan buƙatun biyu ita ce a fitar da jerin da lambar rajista kawai, cikakken bayani kuma kowa ya gani a asusunsa. Ko wannan ma ba cikakkiyar sutura ba ce a ajin mutum talatin da kowa ya haddace lambar kowa, amma ya rage ɓarna sosai.

Wurin da ya fi haɗari ba a cika maganarsa ba: asusun shigar da maki. A inda ma'aikata huɗu ko biyar ke amfani da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ran da 38 ya koma 58 babu wanda za a iya kamawa, kuma babu wanda zai iya wanke kansa. Tsarin da ke aiki shi ne kowane ma'aikaci da asusunsa, jami'in jarrabawa na sashe ya ga sashensa kaɗai, na'ura ta riƙa rubuta wanda ya sauya me da ƙarfe nawa da tsohon makin, sannan da zarar majalisar makaranta ta amince da sakamako a kulle shi, ba a buɗewa sai da sa hannun mutum biyu. A rufe asusun duk wanda aka sauya wa wurin aiki ko ya yi ritaya a ranar. A kuma ajiye kwafin bayanan a wani wuri dabam, a riƙa gwada dawo da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba sau da yawa ran buƙata ake gane fanko ne.

Sai batun sa ido. Mai kula da intanet ɗin makaranta na iya ganin shafukan da na'ura ta ziyarta da yawan datar da ta ci, ko da ba ya iya karanta saƙon WhatsApp. Makarantu na cewa dukiyarsu ce, dole su hana a cinye ta da saukar da finafinai. Ɗaya ɓangaren na nuni da sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin mutum da na saƙonninsa. Inda aka fi haɗuwa shi ne a rubuta a fili abin da ake dubawa da wanda ke da izinin dubawa, kuma buɗe imel ɗin wani mutum takamaimai ya zama da umarni a rubuce. Ga mai karatu Musulmi wannan ba baƙon zance ba ne, tunda Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane.

## Satar fasaha da ƙirƙirarriyar basira

Satar fasaha ita ce gabatar da kalmomi ko tunani ko sakamakon binciken wani a matsayin naka. Sauya kalma biyu-uku a jimla bai fitar da mutum ba, haka ma fassara daga Turanci zuwa Hausa ba tare da ambaton mai shi ba. Sayen kundin kammala karatu da aka sauya wa bango da sunan ƙaramar hukuma ya fi kowanne muni. Al'adar karatunmu ta zaure ta san wannan tun tuni: ana jingina magana ga mai ita, ana faɗin daga wa aka ji.

Makarantu da yawa na amfani da manhajar binciken satar fasaha, irin su Turnitin, ko EagleScan da kwamitin shugabannin jami'o'in Najeriya ya samar, kowace makaranta kuma da iyakar kashin kamannin da ta sa. Abin da ake yawan kuskure shi ne ma'anar lambar. Manhajar kamanni take aunawa. Kundi na iya nuna kashi 30 saboda jerin manazarta, ayoyi, sassan doka da sunayen hukumomi, alhali marubucin bai saci komai ba. Wani kuma ya nuna kashi 6 bayan an bi aikin wani an juya kowace jimla da manhaja. Dole mai duba aiki ya buɗe rahoton, ya cire manazarta da abin da ke cikin alamar zance, ya karanta wuraren da aka yi wa launi. A kuma kula da wani tarko: ɗalibin da ya kai kundinsa kafe a "gwada masa" a asusun da ke adana takardu, ran da makaranta ta duba sai ya fito kusan ɗari bisa ɗari, domin ya yi kama da kansa.

A kan ChatGPT da ire-irensa ra'ayi ya rabu. Wasu malamai na ganin a hana baki ɗaya, domin aikin gida an ba da shi ne don ƙwaƙwalwa ta motsa. Wasu na cewa hanin ba zai yiwu ba, kuma zai cuci mai gaskiya ne kawai, gara a yarda da sharaɗin ɗalibi ya bayyana abin da ya yi da shi. Wasu kuma sun koma gyara tambayar kanta: rubutu a cikin aji, kare aiki da baki, nuna daftari na farko da na biyu, tambayar da ke buƙatar zuwa kasuwar Dawanau ko asibitin unguwa a tattaro bayani.

Abubuwa biyu dai sun tabbata. Waɗannan manhajoji na ƙirƙiro manazarta da ba su wanzu ba, da sunan marubuci da shekara da mujalla, duk tsaf. Wanda ya sa su a kundinsa ya shiga laifin ƙirƙirar hujja, wanda ya fi kwafe nauyi. Na biyu, manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura suna kuskure. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda rashin daidaito. Wani binciken masana a Jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne a matsayin na na'ura, saboda sauƙin kalmominsu. Ɗalibin da ya tashi da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri yana cikin wannan rukunin. Sashe na 37 na dokar 2023 ya ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi bisa abin da na'ura kaɗai ta faɗa, don haka kwamitin da ya kori ɗalibi da lambar manhaja ba tare da zama da shi ba ya bar ƙofar kai ƙara a buɗe.

Wani gefen da ake mantawa: malamin da ya kwafe sunaye da makin ɗalibai, ko mai bincike da ya ɗauki hirar marasa lafiya, ya zuba cikin irin wannan manhaja don ta tsara masa, ya miƙa bayanan mutane ga wani kamfani a ƙasar waje ba da saninsu ba.

## Manhajar sata da littattafan PDF

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta bar sarari ga karatun kai da bincike da koyarwa, amma ɗaukar hoton littafi sukutum a raba a zaure ko a sayar bai shiga ciki ba. Ɗalibai na cewa littafi ɗaya na waje ya fi kuɗin abincin wata, kuma gaskiya ne. Marubutan gida su ma na cewa su ne suka fi jin jiki, domin kasuwarsu ƙarama ce. SPSS ko Office da aka fasa kuma sukan zo da ƙwayar cuta mai kwashe kalmomin sirri, ta bi filasha ta zagaye ɗakin kwamfuta. Akwai na kyauta na halal: LibreOffice don rubutu, Jamovi ko PSPP ko R don lissafin bincike, Zotero don manazarta, da mujallun AJOL da Research4Life ta hannun ɗakin karatu.

## Abin da ka rubuta, da abin da ka naɗa

Tsohon sashe na 24 na dokar 2015 ya hukunta saƙon da ke "ɓata rai" ko "cin fuska", kalmomi masu faɗin da kotun ECOWAS ta ce sun saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Gyaran 2024 ya taƙaita shi ga saƙon batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari, sai dai masu kare haƙƙin 'yan jarida na cewa har yanzu ana kama mutane da shi. Dokokin ɓata suna kuma suna nan. Ɗalibai ba su manta da Nuwamban 2022 ba, lokacin da aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja kan wani rubutu a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, kafin a janye ƙarar a farkon Disamba.

Naɗar murya ko bidiyo a ɓoye ya fi sarƙaƙiya. Ɗaukar hoton ɗaliba a ɗakin kwana ko a aji a yaɗa don izgili cin zarafi ne, kuma wanda ya tura gaba ya shiga cikin laifin. Amma muryar da aka naɗa ce ta kai wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo gidan yari a 2018 kan neman lalata da ɗaliba don maki. Bambancin da masana ke yi yana kan manufa da inda aka kai: hujjar da aka miƙa wa kwamitin bincike ko ICPC ba ɗaya take da wadda aka saka a TikTok ba.

## Iyaye, yara da masu bincike

Tunda ana shiga jami'a daga shekara 16, ɗalibai da yawa a ajin farko yara ne a idon doka. Sashe na 31 na dokar 2023 ya nemi yardar iyaye kafin sarrafa bayanan yaro, tare da sassauci ga harkar ilimi da lafiya. Wanda ya cika 18 kuwa bayanansa nasa ne. Wannan ya yi karo da yadda gidajenmu suke, inda uba ko yaya ke biyan komai. Mafita mai sauƙi ita ce fom a lokacin rajista, wanda ɗalibi zai rubuta sunan wanda ya yarda a nuna wa sakamakonsa.

Ɗalibi na da haƙƙin neman kwafin bayanan da makaranta ke riƙe da su a kansa, da neman a gyara kuskure, kamar sunan da aka rubuta ba daidai ba ko ranar haihuwar da ta saɓa da ta NIN, irin abin da kan hana mutum tafiya hidimar ƙasa. Ana fara rubuta wa jami'in kare bayanai ko magatakarda, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, idan ba a samu amsa ba a kai koke NDPC.

Ɗalibin ajin ƙarshe da ya tura fom ɗin Google yana tambayar matan unguwa cutar da suke fama da ita ko kuɗin shigar mazajensu, shi ma ya zama mai riƙe da bayanai. Ya bayyana manufar binciken a saman fom ɗin, kada ya nemi suna ko lambar waya idan lissafinsa bai buƙata ba, ya sa lamba a madadin suna a teburin da zai kai wa mai duba aikinsa, ya kuma goge asalin amsoshin daga wayarsa da kwamfutar mai buga takardu bayan an karɓi kundin.